Ƙanwata da Ɓawon Zaitun

Ku matso kusa, ku da kuka zo jin labarin ƙasashe masu nisa. Ni ce Melanti 'yar Doros, mutuniyar tsibirin Sarmos, inda duwatsu suka fi ƙasar noma yawa, inda teku ya kewaye mu gabas da yamma, kudu da arewa, inda alloli suka fi mutane saurin fushi. Abin da zan faɗa muku ƙafata ce ta taka, idona ne ya gani. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma ina ganin babu abin da zai gagare ni a duniya muddin na tashi da wuri. Kada ku yi mini dariya, ku ma kun taɓa zama 'yan sha bakwai.

Mu mutanen Sarmos da zaitun muke rayuwa. Shi muke ci, da mansa muke kunna fitila, da shi muke shafe jariri, da shi muke shafe gawa. Mai wannan itace ita ce Uwargijiya Ilaya, ɗaya daga cikin allolin da ke zaune a kan Dutsen Hilos, can ƙarshen teku. Tun zamanin kakanni ta kafa mana doka guda: man farko da ya fito daga dutsen matsa kowace kaka, a gindin tsohuwar itaciyar tsakiyar gari ake zuba shi, kuma harshen ɗan adam ba ya taɓa shi kafin nan. Wanda ya taɓa, shi ma zai koma itacen zaitun. Kowa ya san dokar, amma babu mai rai da ya taɓa ganin ta ci wani.

Ƙanwata Kaliya ta ci. Shekararta goma sha biyar, ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ba ta iya yin shiru ba. In aka aike ta rijiya da gudu take zuwa, da gudu take dawowa, rabin ruwan a jikinta. Tun da teku ya ci mahaifinmu mu uku muka rage a gida, ni da ita da Inna, kuma duk hayaniyar gidan ita ce.

Ranar matsar farko, da hantsi, jaki na juya dutse, Kaliya na tura 'ya'yan zaitun ƙarƙashinsa da hannu tana tsokanata, wai fuskata ta fi ta jakin ɗaurewa. Sai dutsen ya ɗan datse mata babban yatsa. Ta yi abin da kowa zai yi, ta jefa yatsan a baki. Yatsan kuwa sharkaf yake da mai.

Wurin ya yi tsit, har jakin ya tsaya. Kaliya ta zare yatsan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Yaya, ai ciwo na tsotsa, ba mai ba. Me kuke kallona haka?"

Muka nufi gida tana ta dariyar ƙarfin hali, har muka kai bayan gidanmu kusa da rijiya. Nan ƙafafunta suka ƙi ɗaguwa. Ta ja, na ja, Inna ta ja. Yatsun ƙafarta sun riga sun nutse cikin ƙasa sun zama saiwa. Maza suka kawo fartanya za su tono ta, sara ɗaya aka yi ta ƙwalla ƙara, jini ya fito gauraye da ruwan itace, sai aka bari. Muka juye man shekarar duka a gindin tsohuwar itaciya, muka yanka akuyarmu ɗaya tilo. Washegari ɓawo mai toka-toka ya rufe mata diddige.

Akwai wata tsohuwa a garinmu, Kaka Orsa, mai kiwon ƙudan zuma, wadda ke gane nufin alloli daga yadda ƙudan ke tashi. Ta zo ta daɗe tana kallon ƙafar, sannan ta ɗauko zare ta auna Kaliya daga diddige zuwa leɓe, tana ƙulli a kowane faɗin yatsa. Ƙulli tamanin ta yi.

Ta ce, "Kullum zai hau faɗin yatsa ɗaya. Ranar ta tamanin ya rufe bakinta. Ni ba ni da magani, jikata. Maganar allahiya sai bakin da ya faɗe ta. In akwai mai ƙafa da taurin kai a gidan nan, ta tafi Hilos."

Taurin kai kam ina da shi, har na rabawa. Na karɓi zaren, na yanke ƙulli biyu na kwanakin da suka wuce, na ɗaura shi a ƙugu. Inna ta kafa wa Kaliya rumfa saboda rana. Da na zo sallama, yarinyar nan da tsoro ya cika wa ido sai da ta sami abin tsokana.

Ta ce, "Yaya, kada ki tsaya doguwar gaisuwa a hanya, na san halinki. Ni ina nan, ba inda za ni."

Na nufi ɗaya gefen tsibirin, gidan Tirkos, wani tsohon matuƙin jirgi aminin mahaifina. A nan dole in gaya muku wata al'ada tamu, domin ba kowace ƙasa ke da ita ba. A Sarmos baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci abincin mai gida sau uku. Wanda ya buɗe baki da roƙo kafin nan ya mai da gidan mutane kasuwa, ana ba shi ruwa ya sha a raka shi ƙofa, buƙatarsa kuwa ko ta mutuwa ce ba a biya. Ina ƙarama na ga mahaifina, mutum mai sanyin hali, ya sallami wani haka, mutumin na kuka. Saboda haka na zauna gidan Tirkos wuni guda cur, na ci na safe, na ci na rana, na ci na yamma. Shi ma ya ga zaren a ƙuguna, ya riga ya ji labari, amma bai ce uffan ba sai da na wanke hannu karo na uku.

Ya ce, "To, 'yar Doros, faɗi."

Na ce, "Kawu, Hilos nake so ka kai ni."

Ya ce, "Da ni da jirgin ban san wanda ya fi wani tsufa ba. Ɗauko tulunan ruwa."

Kwana tara muka yi cikin teku lafiya, sannan muka iso Mashigin Akusa. Wani siririn ruwa ne tsakanin duwatsu biyu, kuma a cikinsa wani dodo ke kwance wanda ba shi da ido ko ɗaya, jikinsa duk kunnuwa ne, manya kamar faifai, suna motsi ɗaya-ɗaya. Ba ya ganin jirgi, amma ko kukan igiya ya ji zai taso ya haɗiye jirgin da mutanensa. Jirgin Tirkos kuwa babu abin da ba ya kuka a jikinsa. Kewaye mashigin kwana goma ne, ni kuma ba ni da kwana goman bayarwa.

Na tuna yadda muke yi wa dutsen matsa in ya fara ƙara. Na ɗauko tulun man da muke ci, na bi jirgin nan kaf, igiya da katako da inda filafilan tuƙi ke gogawa, na shafe su har tulun ya ƙare. Na cire warwarona na naɗe a zane. Muka shiga da rana tsaka, ruwa na jan mu a hankali, kunnuwan nan na wucewa dab da mu, ina ganin gashin da ke cikinsu.

Muna tsakiyar mashigin na dubi Tirkos, sai na ga fuskarsa ta kumbura, idanunsa na zubar da ruwa. Tari ne ya taso masa. Ya toshe baki da hannu biyu, ya dube ni kallon ban haƙuri. Na sunkuya na ɗauki tulun nan da ya zama wofi, na wurga shi baya iya ƙarfina. Ya daki dutse ya tarwatse daidai lokacin da tarin ya kuɓuce. Dodon ya zabura can inda tulun ya fashe, igiyar ruwan da ya tayar ta ɗauke mu ta tofar da mu waje. Sai da muka yi nisa Tirkos ya ƙarasa tarinsa, ya kusa rabin sa'a yana abu ɗaya.

Bayan kwana uku muka faɗa wani teku da babu iska a cikinsa ko ta kaɗa gashi. Zanen jirgi ya saki jiki. Muka yi ta tuƙi da hannu har tafukana suka yi kanta suka fashe, amma kamar a wuri ɗaya muke. Kwana shida ina yanke ƙulli, ba abin da ya ragu sai zaren. Ban taɓa jin na zama banza irin na waɗannan kwanaki ba. Ran na shida muka iso wani falalen dutse a tsakiyar ruwa, sai ga wani saurayi daga cikin alloli, Firos, kwance yana cin inabi, iskoki ɗaure a turaku kewaye da shi kamar awaki. Tirkos ya durƙusa ya roƙe shi ya sakar mana ko 'yar ƙarama. Ko kallonmu bai yi ba, ya ci gaba da tofar da ƙwallon inabi cikin ruwa.

Zagin abin bauta mutuwa ce, wannan na sani. Saboda haka ban zage shi ba. Na juya wajen Tirkos na ɗaga murya.

Na ce, "Kawu, tashi, kada mu ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ai kowa ya san manyan iskoki suna hannun yayansa. Waɗannan na wasa ne aka bar masa ya riƙa ɗebe kewa."

Firos ya tashi zaune. Ya ce, "Wa ya faɗa miki haka?"

Na ce, "Haka ake faɗi a kowace tasha, ranka ya daɗe. Ni ban ga laifi a ciki ba, kowa da abin da ya iya."

Ya je can ƙarshen dutsen ya kwance wata baƙar iska da aka ɗaure da sarƙa uku. Kwana uku tana gudu da mu, muna ɗaure da katakon jirgi muna amai, har ta karya mana dirkar da ke riƙe zanen jirgi ta jefa mu kan yashi a gindin Dutsen Hilos. Na lissafa zarena, kwana ashirin da huɗu suka tafi. Na fita daga jirgin ina rangaji, amma a raina ina cewa ashe haka alloli suke, yarinya mai wayo na iya juya su. Na bar wa Tirkos zaren da gyaran jirgi, na kama hawa.

Gidan Uwargijiya Ilaya ba shi da ƙyaure, ba shi da mai gadi. Ginshiƙai ne farare, da gonar zaitun da ba a ganin ƙarshenta, rana kuma tsaye take wuri ɗaya kamar hantsi, ba ta gaba ba ta baya. Na iske wata doguwar mace tana sassabe rassa, gashinta launin bayan ganyen zaitun, hannayenta kaushi irin na manomi. Da ta juyo ta dube ni sai na durƙusa.

Ta ce, "Baƙuwa daga Sarmos, ina jin ƙanshin manku a jikinki. Me ke tafe da ke?"

Maganar ta zo har bakina. Sai na ce a raina, a'a Melanti, jarrabawa ce. In mahaifinki, ɗan adam, ya kori mai gaggawar roƙo, ina ga allahiya? Ƙanwarki ta karya doka ɗaya, ke kuma ki zo har gida ki karya ta biyu? Na haɗiye maganar.

Na ce, "Gaisuwa ce kawai, ranki ya daɗe."

Ta ɗan ɗaga gira, ta ce to madalla, ta tafa hannu. Kurciyoyi suka sauko da tebur, aka jera gurasa mai zafi da cuku da zaitun. Na ci da sauri ina murna a ɓoye, ɗaya ta tafi. Ta zaga da ni gonar tana nuna mini itatuwa, tana faɗin sunan kowace. Aka sake tebur, kifi da ɓaure. Ina cikin ci ta zuba mini ido.

Ta ce, "Kin tabbata babu abin da ke ranki, 'yata?"

Na ce, "Gajiyar hanya ce, ranki ya daɗe."

Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in mari kaina. Aka kawo na uku, zuma da madara. Na sha, na wanke hannu, na faɗi a gabanta na zazzage mata komai, dutsen da yatsan da ɓawon. Ta saurara tana ɗan tunani, irin na wanda ke neman inda ya ajiye allura.

Ta ce, "Ni na faɗi haka? E, gaskiya ne. Wani sarkinku ne ya ɓata mini rai a lokacin, shekara dubu ko fiye. Ai na manta da maganar tana nan tana aiki."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta shiga ciki ta fito da wani ɗan tulu da bai wuce tafin hannu ba, bakinsa toshe da kakin zuma.

Ta ce, "Maganarmu in ta fita ba ta komawa, amma wannan man itaciyar farko ne. Ki zuba a saiwarta. Muddin ɓawon bai rufe zuciya ba, zai zube duka, ta taka ƙafarta. In ya rufe zuciya kuwa, sai dai ya tsaya inda ya kai, ya zauna haka. Yarinya mai irin tsayin da kika faɗa, wajen kwana sittin zai kai zuciya. Yau kwana nawa?"

Na ce, "Ashirin da huɗu." Ina faɗa ina lissafi, komawa ba za ta wuce kwana ashirin ba, farin ciki ya kusa kayar da ni.

Ta ce, "Da kika shigo, ko yanzu?"

Ban gane ba. Ta nuna teburin da kurciyoyi ke kwashewa.

Ta ce, "Ci ɗaya a teburina kwana goma sha biyu ne a ƙasarku. Kin ci uku."

Na lissafa, na sake lissafawa, kowane karo sittin yake ba ni. Kunnuwana suka yi dum.

Ta ce, "Na tambaye ki a bakin ƙofa. Na sake tambayar ki a kan kifi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, al'ada ce. Baƙo ba ya roƙo sai ya ci sau uku."

Ta ce, "Al'adarku ce, 'yata, ku kuka ƙago ta a tsakaninku. Mu ba mu taɓa neman ta daga kowa ba. Da kin faɗa a ƙofa da na miƙo miki, ai ba wani abu ba ne."

Na kama ƙafarta. Na ce ta mai da kwanakin, ta ce ko babban alloli bai iya ba. Na ce ta ɗauke ni ta saki Kaliya, ta ce ba a musanya. Na ce ko iska ta ba ni ta kai ni gida yau, ta ce teku na ɗan'uwanta ne, kuma sun daɗe ba sa magana. Ta shafa kaina da kaushin hannunta, ta ce in gaida mutanen Sarmos, ta koma sassabenta.

Na iske Tirkos ya kafa sabuwar dirka, gemunsa ya ƙara tsawo, idanunsa sun faɗa. Ya miƙo mini zaren, ƙulli ashirin ne suka rage. Na gaya masa abin da na yi, ina so ya zage ni, ko ya ɗaga filafili ya kwaɗa mini.

Ya ce, "Da ni ne, 'yar Doros, ni ma da na ci."

A komawa babu abin da ya tare mu. Iska ta bi bayanmu, dodon mashigi na barci, teku lumui kamar yana yi mana ba'a. Kwana goma sha shida na yi rungume da ɗan tulun nan, ina lallashin kaina cewa ko ba komai zan tsirar da muryarta.

Da safe muka sauka Sarmos. Na ruga bayan gida na iske Inna zaune kan turmi, ta rame har ban so ganin wuyanta ba. Rumfar an cire ta, domin ba ta isa ba kuma. Hannayen Kaliya sun miƙe sama sun zama rassa, ganye ya tsiro cikin gashinta, ɓawon ya hau wuya ya tsaya ƙarƙashin haɓa. Fuskar kawai ta rage, kuma tata ce sak.

Ta ce, "Kin dawo, Yaya. Kin yi baƙi."

Na durƙusa na gaya mata duka, ban ɓoye teburin ba. Ina magana ina ɓantare kakin da ke bakin tulun.

Ta ce, "Tsaya tukuna. In kin zuba, zan taka?"

Na ce a'a.

"Zan sauke hannu in sosa hancina?"

Na ce a'a, amma za ta yi magana, za ta gan mu, za mu ji dariyarta.

Ta ce, "Har yaushe?"

Duk ɗan Sarmos ya san zaitun ba ya mutuwa da wuri. Tsohuwar ta tsakiyar gari ta girmi garin.

Ta ce, "Inna za ta tafi ina kallo. Ke ma haka, 'ya'yanki ma haka. Ni kuwa ina nan, kai a kan gungume, baƙi na zuwa daga tsibirai suna kallo. Yaya, bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Inda ɓawon ya rufe ba ya ciwo. Ina jin sanyin ruwa a can ƙasa, ina jin rana a ganye, shi ke nan. Wannan ɗan abin da ya rage shi ne ke jin ƙishi, shi ke jin ƙuda, shi ke ganin yara na gudu zuwa rijiya. Kada ki zuba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce na ratsa bakin dodo, na yi wa abin bauta wayo, na kusa mutuwa a teku, ba zan zauna tulu a hannu ina kallo itace ya haɗiye ta ba. Na karkata tulun a kan saiwar, man ya taru a bakinsa. Na dubi Inna ta taya ni, Inna ta sa fuska cikin zane.

Kaliya ta ce, "Na san ba ni da hannun da zan hana ki. Shi ya sa nake roƙon ki."

Na daɗe a haka. Sannan na miƙar da tulun, na mayar da kakin.

Kwana huɗun da suka rage ban bar gindinta ba. Ta sa na ba ta labarin tafiyar tun daga farko, ta yi dariyar tarin Tirkos har hawaye, ta sa na maimaita mata yadda Firos ya tashi zaune sau uku. Da na zo kan teburin na fashe da kuka, sai ta ce in bar kukan in gaya mata gaskiya, kifin alloli ya fi namu daɗi ko kuwa suna ne kawai. Na ce gishiri ya yi masa kaɗan. Ta ce ai ta sani.

Ran na huɗu da azahar ɓawon ya kama leɓenta na ƙasa, maganar ta yi nauyi. Na kai kunnena kusa, ina tsammanin wata babbar wasiyya.

Ta ce, "Yaya, kore mini ƙudan nan."

Na kore shi. Kafin la'asar bakin ya rufe.

Idanun sun ƙara kwana biyar. Kowace safiya nakan zo da tulun in tsaya gabanta, in ce, "Kaliya, har yanzu da sauran dama. In kin canza shawara, ƙifta ido sau ɗaya, zan zuba." Yarinyar da ba ta taɓa iya tsayawa cik ba sai ta zuba mini idanun nan, ta ƙi ƙiftawa, hawaye na taruwa suna gangarowa kan ɓawon, har sai na juya baya na ajiye tulun. Ran na biyar ma na tambaya. Ina tsaye riƙe da shi ɓawon ya rufe na hagu, sannan na dama, tana kallona har ƙarshe.

Iyakar tafiyata ke nan, ku da kuka zo ji, ban ƙara shiga jirgi ba. In hanya ta bi da ku ta bayan gidanmu, kusa da rijiya, ku tsaya ku gaishe ta. Ban sani ba ko tana ji. Ni dai kullum ina gaisarwa.